MAI GIDA, KADA KUNYA TA KAI KA GADON ASIBITI: Bayani kan motsa jiki cikin jama'a



'Yan uwa magidanta na Gumbin Kure, Jega, Aliero, Maiyama da kewaye: Darasinmu na yau na maza ne, musamman wanda ya haura shekara 35. Uwargida ma ta karanta, don sau da yawa ita ce ke fara lura da cewa numfashin mai gida ya canza.

Ɗan uwa, fara da tambayar kanka. Yaushe rabonka da tafiyar minti 30 a ƙasa ba tare da ka tsaya ba? Daga gida zuwa masallaci mashin, daga masallaci zuwa kasuwa mashin, a shago zama, da yamma majalisa zama, da dare tuwo sai kwanciya. Kakanninmu sun yi fatauci a ƙasa, sun yi noma da hannu, sun ja ruwa da guga. Mu muna cin irin abincin da suka ci, har da ƙarin sukari da lemun kwalba, amma aikin da ke ƙone abincin mun bar wa inji da yara.

*Wa wannan magana ta shafa?*

A yi adalci. Wanda ya wuni yana huɗa da damina, ko yana ban ruwan albasa a fadamun Aliero da rani, ko yana tuƙa kwalekwale da jifan taru a gulbi, ko ɗan dako a kasuwar Jega, jikinsa na samun aiki, wani lokaci har ya yi yawa. Shi abin da ya fi bukata hutu ne, da ruwan sha, da kula da baya da gwiwa.

Maganar ta fi shafar mai shago, da dillalin albasa da ke zaune kan buhu yana lissafi, da direban mota, da ɗan kabu-kabu, da tela, da malamin makaranta, da ma'aikacin ofis, da manomin da Allah Ya buɗa wa har ya koma sa ido yara na aiki. Akwai kuma wanda ke aikin ƙarfi wata huɗu na damina, sauran wata takwas yana zaune. Shi ma ya saurara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon da ake bukata. Ka ga ashe ba kai kaɗai ba ne.

*Me zama ke yi wa jiki?*

Duk tuwo, shinkafa, fura ko burodin da ka ci, jiki na mayar da shi sukari ya zuba cikin jini. Babban mai sayen wannan sukari shi ne tsoka, musamman ta cinya da ƙafa. In tsoka na aiki, tana janye sukarin ta ƙone shi. In tana zaune, kasuwa ta mutu: sukari ya yi kwantai cikin jini, jiki ya yi ta fitar da sinadarin insulin don ya tura shi, ragowar kuma ta koma kitse a ciki. Shekara da shekaru ana haka, sai jiki ya daina jin maganar insulin. Mafarin ciwon suga irin na manya ke nan.

Haka jijiyoyin jini. Idan zuciya na bugawa da ɗan ƙarfi kullum saboda tafiya, jijiyoyin na buɗewa suna laushi. In babu motsi sai su riƙa tauri, jini ya riƙa wucewa da ƙyar, awo ya haura 140 bisa 90. Hawan jini kuma ba ya sallama. Da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da baki ya karkace ko ɓarin jiki ya shanye.

Tun daga wajen shekara 30, tsokar mutumin da ba ya aiki da ita tana raguwa a hankali. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara 55 in ya zauna kan tabarma sai ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe, alhali sa'ansa manomi na tashi zumbur.

Akwai wata magana da maza ba sa son faɗa a fili. Raunin da wasu ke samu wajen biyan haƙƙin iyali, sau da yawa tushensa ɗaya da ciwon zuciya, wato jijiyoyin jini da suka ƙuntata. Jijiyoyin wannan wuri ƙanana ne, su ke fara nuna alama tun kafin na zuciya. Mai wannan matsala ya je a auna masa jini da suga, ya kama tafiya. Hakan ya fi masa kwalaben maganin ƙarfin maza da ake tallarsu a tasha, waɗanda bai san abin da aka zuba ciki ba.

Wannan ilimi ba jiya aka gano shi ba. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi kan ma'aikatan manyan motocin safa masu bene na birnin Landan. Direba na zaune wuni guda, kwandasta kuwa na hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, gari ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Shi kansa likitan ya riƙe motsa jiki har tsufa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

A Amurka kuma, a 2002, an fitar da sakamakon gwaji kan mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin haɗarinsu ya ragu da kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara abinci da rage ƙiba kaɗan, nasu ya ragu da kashi 58. Duba da kyau: ƙafa da kwano sun fi ƙwaya aiki wajen rigakafi.

*To, me ya hana mu?*

Yawancinmu mun san amfanin. Abin da ke tare mu yana cikin kai.

Na farko, girma. A wurinmu dattaku na tafiya da natsuwa. Babban mutum ba ya gudu, ba ya sauri. Ka ga Alhaji da asuba yana sassarfa a bakin titi, sai ka ji ana cewa, "Mi ak koro shi?" ko "Lahiya dai?" Tsoron wannan magana kaɗai ya zaunar da mutane da yawa.

Na biyu, ɗaukar tumbi alamar wadata. Mutum ya rame kaɗan a ce ko karayar arziki ce, ya yi teɓa a ce naira ta zauna. Sami tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai cibiya. Ga namiji, in ya wuce santimita 94 haɗari ya fara, in ya kai 102 haɗarin ya yi yawa. Kitsen ciki shi ne mafi sharri, don yana kewaye hanta da hanji ne.

Na uku, "ba ni da lokaci". Amma akwai awa biyu na majalisa, da awa guda na latsa waya.

Na huɗu, ganin abin na Turawa ne, ko na sojoji da 'yan ƙwallo. Wannan kuwa rashin waiwaye ne. Kokawa da dambe namu ne. Sukuwar doki tamu ce. A bikin kamun kifi na Argungu ana tseren kwalekwale, ana ninƙaya, ana kokawa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, inda jihohi ke neman takobi. Gayya fa? Samari su taru a gonar mutum ɗaya, kowa na kunyar a bar shi baya a kunya, aikin kwana uku ya ƙare kafin azahar. Wace ƙungiyar motsa jiki ta fi wannan?

Ta fuskar addini ma babu abin kunya. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu bayan shekaru. An ruwaito ya yi kokawa da Rukana, gwanin kokawar Makka, ya kayar da shi. Sahabbai sun siffanta tafiyarsa da ƙarfi da kuzari kamar mai gangarowa daga tudu. Ya ƙarfafa harbi da hawan doki, kuma hadisin da Imamu Muslim ya fitar ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, duk da kowannensu na da alheri. Wa ya kai shi dattaku? In shi bai ga faɗuwar girma a gudu ba, ni da kai mene ne namu?

Malaman likitancin Musulunci sun bi wannan sawu. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sa motsa jiki a gaba cikin hanyoyin kiyaye lafiya, kafin abinci da barci. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa lokacin motsa jiki shi ne bayan abinci ya narke, kuma matsakaicinsa shi ne wanda jiki zai ɗumama ya fara tsattsafo da gumi, ba wanda zai wahalar da mutum ba. Abin da likitocin yau ke faɗa ke nan.

*Gyara niyya kafin ka sayi takalmi*

Mutane da yawa na farawa da zafi. Likita ya tsorata mutum ranar Litinin, Talata ya fita ya yi gudun kilomita 3, Laraba ya kasa sunkuyawa a ruku'u, Alhamis ya ce abin ba nasa ba ne. Tsoro na tayar da mutum, amma ba ya daɗewa. Da an kwana biyu jiki ya yi sauƙi, sai a manta.

Haka wanda burinsa kawai tumbi ya faɗa. Tumbi ba ya saurin tafiya. Sai ka yi wata guda sikeli bai motsa ba, ka ce aikin banza. Alhali a cikin watan nan barcinka ya gyaru, sugan jininka ya fara sauka, hawan jini ya ɗan lafa, kana hawa tudu ba haki. Ga mai hawan jini, tafiya a kai a kai na iya rage lambar sama da kamar 5 zuwa 8. Ba ka gani a madubi, amma zuciya da ƙoda sun sani.

Nemi dalilin da zai riƙe ka shekara goma. Ga misalai:

• Ka iya sallah a tsaye, da ruku'u da sujada cikakku, har ƙarshen rayuwa, ba a kan kujera ba.
• In Allah Ya kira ka Hajji ko Umra, ka yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafarka. Safa da Marwa sau bakwai kaɗai ya kai wajen kilomita 3, ban da tafiyar Mina da jifa.
• Ƙaramin ɗanka yana aji biyu na firamare. Lissafa shekarunka ranar da zai gama sakandare. Wa zai riƙe gidan in ka kwanta?
• Kuɗin magani. Tambayi duk gidan da ke jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, ko mai zuwa wankin ƙoda, nawa suke kashewa a wata. Gonaki da shanu nawa suka tafi ta wannan hanya?

Ajali na hannun Allah, wannan babu ja. Amma jiki amana ne, kuma an umarce mu da riƙo da sababi. Mai gona ba ya ƙin shuka don ya san arziki na Allah ne.

Sannan ka daina jiran ranar da za ka ji sha'awar fita. Ba kullum kake tashi sallar asuba da nishaɗi ba, ranar sanyi da ƙyar kake rabuwa da bargo. Kana tashi ne don lokaci ya yi, kuma ka saba. Haka za ka ɗauki tafiya. Ɗaura ta a jikin abin da ba ka fashi: "In an sallame asuba, na gama azkar, sai tafiya." Ba sai ka sake shawara da zuciyarka kowace safiya ba.

Kwana nawa kafin abu ya zama jiki? Wani bincike da aka yi a wata jami'a a Landan, aka fitar a 2009, ya nuna matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wasu ƙasa da haka, wasu har sama da wata takwas. Ya kuma nuna fashin rana ɗaya ba ya rusa sabon. Don haka in biki ko rasuwa ko tafiya ta sa ka yi fashi, kada ka ce shi ke nan. Washegari ka koma. Ka san aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Wannan ƙa'ida ta ibada ita ce ta lafiyar jiki.

*Me ya sa cikin jama'a?*

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da jama'a ke yi maka wanda ba ka iya yi wa kanka.

Tana kashe kunya. Mutum ɗaya na sauri a titi abin kallo ne. Mutum takwas, cikinsu da liman da hedimasta da wani Alhajin kasuwa, ba mai cewa sun zautu. Mako biyu za a yi ana magana, a na uku mai maganar zai tambaya ƙarfe nawa ake fita.

Tana juya kunyar ta koma taimako. Ranar da kasala ta kama ka, ka san akwai masu jiranka a ƙofar masallaci. Karya alkawarin da ka yi wa kanka abu ne mai sauƙi, na abokai kuwa da nauyi.

Tana ƙara ƙoƙari. Tun a shekarun 1920 wani masani Bajamushe mai suna Otto Köhler ya gwada 'yan wasan tuƙin kwalekwale a Balin, ya ga wanda ya fi rauni yana daɗewa kan aiki in an haɗa shi da wasu fiye da in shi kaɗai ne, don ba ya son a ce shi ya ja baya. Duk wanda ya taɓa shiga gayya ya san haka ba tare da an gaya masa ba.

Tana rage damuwa. Magidanci na ɗauke da lissafin abinci, kuɗin makaranta, bashi, rashin lafiyar iyaye, kuma ba ya faɗa wa kowa. Tafiya kafaɗa da kafaɗa na buɗe bakin namiji fiye da zama fuska da fuska. Motsa jikin kansa kuma na sassauta ƙunci, yana kawo barci.

Kada ka ɗauka mazanmu ne kaɗai ke gudun irin wannan taro. A ƙasar Sikotlan an lura maza ba sa zuwa azuzuwan rage ƙiba, suna ganin na mata ne. Sai masu bincike suka kai shirin inda maza ke so, wato filayen ƙungiyoyin ƙwallon da suke goyon baya. Maza zalla, 'yan shekara 35 zuwa 65, duk masu ƙiba, sau ɗaya a mako har mako 12, ana raha ana tsokanar juna ana koyon gyaran abinci da tafiya. An gwada shirin kan mutum 747 a ƙungiyoyi 13. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna bayan shekara guda waɗanda suka shiga sun fi sauran rage nauyi da kusan kilo 5. Darasin a nan shi ne, namiji na zuwa inda ya ga sa'o'insa, inda ba za a raina shi ba. Su filin ƙwallo ne ya haɗa su. Mu muna da abin da ya fi shi: sahun asuba, da majalisa.

Kuma ba sai an fara da yawa ba. Gudun safiyar Asabar da ake kira parkrun ya fara a 2004 a wani lambu a Landan da masu gudu 13. Yau ana yinsa a ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu.

*Yadda za ku kafa taku*

1. Nemi mutum 3 zuwa 5 da kuke sallar asuba tare. A sa dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa. Shi ne garkuwarku daga surutu.

2. Ku tsayar da rana da wuri. Misali Asabar, Litinin, Laraba, daga ƙofar masallaci. Filin makarantar firamare kafin yara su zo, ko hanyar gona, sun fi bakin babban titi. Hanyar Jega zuwa Maiyama da ta Aliero manyan motoci ne ke bi, ga duhun asuba. In dole sai titi, ku bari gari ya waye, ku bi gefen da kuke fuskantar mota.

3. Mako biyun farko minti 15 kawai. Bayan nan a riƙa ƙara minti 5 duk mako har a kai 30. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi. Minti 30 sau biyar ya cika 150.

4. Ma'aunin sauri: kana iya magana amma ba ka iya jan dogon karatu ba tare da ka tsaya numfashi ba. In kana hira kamar a majalisa, ƙara sauri. In magana ta gagara, rage.

5. Sau biyu a mako a ƙara aikin tsoka na minti 10. Zama kan benci da miƙewa ba dafawa sau 10. Dafa bango da hannu biyu ka matso ka tura sau 10. Ɗaga dunduniya ka tsaya kan yatsu sau 15. Wanda ya haura 65 ya ƙara da tsayuwa kan ƙafa ɗaya yana dafe da bango, don kariya daga faɗuwa.

6. Doka ɗaya: ba a barin kowa a baya, ba a yi wa kowa dariyar tumbi ko haki. Masu sauri su je su dawo su tarbi na baya. Ranar da aka kunyata mutum, ranar ya bar zuwa.

7. Wanda bai zo sau biyu a jere ba, a kira shi a waya ko a biya ta gidansa. Gaisuwa ce, ba tuhuma ba.

8. Ku yi ɗan karo-karo kamar adashi ku sayi na'urar awon jini ta hannu. A auna kowa farkon wata, a rubuta a littafi. Lambar da ke sauka ta fi kowane wa'azi ƙarfafa gwiwa. In akwai ma'aikacin lafiya a unguwa, ko ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ku jawo shi ciki.

Tufafi ba matsala ba ne. Riga mara nauyi da dogon wando sun wadatar, al'aura a rufe. Ba a bukatar kiɗa, ba a bukatar kayan ƙarfe masu tsada. Takalmi dai ya zama mai rufi da laushi, ba silifas ba. Wanda ke zaune a Birnin Kebbi ko wani babban gari ya ga gidan motsa jiki ya yi masa, ya tambayi lokacin maza, ya gaya wa mai koyarwa shekarunsa da ciwon da yake da shi, kada ya ce sai ya yi abin da ɗan shekara 20 ke yi.

Kada a manta da iyali. Matanmu da yawa na cikin gida, ga haihuwa, ga ƙiba, ga hawan jini. Ka ba uwargida dama ta yi zagayen tsakar gida, ko ta haɗu da maƙwabta mata a gida ɗaya. In ka taka mata da kanka, ka bi sunna.

*Hattara*

Kafin ka fara, in ka haura 40, ko kana da ƙiba, ko akwai hawan jini da suga a danginku, je asibiti a auna ka. In awon jini ya kai 180 bisa 110, kada ka fara sai likita ya daidaita shi.

Tsaya nan take, a kai ka asibiti, in ka ji ɗayan waɗannan: nauyi ko matsi a ƙirji, ciwo mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, numfashi na yankewa fiye da kima, ko bugun zuciya ya rikice.

Mai ciwon suga da ke shan ƙwaya ko allurar insulin kada ya fita da yunwa. Ya sa dabino 3 a aljihu. In ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko duhun gani, ya zauna ya ci. Ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, don ƙaramin rauni na iya zama gyambo.

Mai gwaiwa ko ƙaba ya guji ɗaga nauyi har sai likita ya gani. Mai ciwon gwiwa ya bar gudu, ya riƙe tafiya ko keke. Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma ba mu son ka je can saboda ka yi gasa da yaro.

Daga Maris zuwa Mayu zafinmu na haura digiri 40. A wannan lokaci asuba kawai, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Da hunturu, mai asma ko tari ya bari ƙura ta lafa, ko ya rufe hanci. Cikin azumi a rage: tafiya mara nauyi dab da shan ruwa, ko bayan tarawihi.

Kada ka ajiye maganin da likita ya ɗora ka a kai don ka fara tafiya, ko don kana shan zuma da habbatus sauda. In awo ya gyaru, likitan ne zai rage da kansa. Kuma ka nisanci tiramadol da lemukan gwangwani masu sa kuzari da sunan neman ƙarfi. Bashi ne suke ci daga zuciya da ƙoda.

Tafiya kuma ba lasisin cika ciki ba ce. Kwalbar lemu ɗaya na iya mayar da abin da ka ƙone a rabin awa. Rage sukarin shayi, rage gishiri da dunƙulen miya, ƙara zogale, rama, kuɓewa da wake. Ka tuna da rabon ciki kashi uku da sunna ta koyar.

*Aikin wannan mako*

Yau ka auna ƙugunka, ka rubuta. Gobe bayan asuba ka tsayar da mutum biyu a ƙofar masallaci ka ce, "Malam, mu ɗan taka zuwa bakin makaranta mu dawo." Minti 15 ne. Za a yi kallo, wataƙila a yi dariya. Mai dariyar ba zai biya maka kuɗin asibiti ba, ba zai ciyar maka da yara ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu yi tsufa da ƙarfinmu muna bauta masa. Amin.

A tura wa ɗan uwa, musamman wanda kuke sahu ɗaya da shi.